Teburin Rauta a Ƙaramin Shagon Kafinta: Abin Dubawa Kafin a Kashe Kuɗi a Yola da Jimeta

Rauta ƙaramar na'ura ce ta lantarki da ke juya bakin yanka da gudu mai tsanani, daga juyi 8,000 zuwa sama da 20,000 a minti ɗaya, domin fitar da ado a gefen katako, ko haƙa kwarmi, ko fitar da harshen da zai shige cikin kwarmin. A yadda aka saba, kafinta kan riƙe ta da hannu biyu ya bi da ita kan katakon da ya ɗaure. A teburin rauta kuwa kifa ta ake yi, a ɗaure ta a ƙarƙashin tebur, bakin yankan da kafintoci ke kira bit ya leƙo sama ta wani rami, sai a riƙa tura katakon yana wucewa ta jikinsa. Da haka siraran katakai da ba su ɗauruwa sukan samu gyara, kuma abu ɗari zai fito iri ɗaya, na farko bai bambanta da na ƙarshe ba.

A Jimeta da cikin garin Yola, yawancin ƙananan kafintoci ba su da injin ado a shagonsu. Idan aiki ya taso, sai a loda katako a Keke Napep a kai wa masu manyan injuna a kasuwar katako, a fere, a tsaga, a bi da shi ta sifindul, wato babban injin ado, a biya kuɗin kowane guda. Wannan tsari yana tafiya daidai muddin aikin mai yawa ne kuma iri ɗaya. Inda yake cutar da mai shago shi ne ƙananan ayyuka: murfin kabad guda huɗu da aka manta, gefen gadon amarya da mai shi ya sauya ra'ayi a kai, firam ɗin madubi da bai kai kuɗin keke ba. Ga bin layi, ga ranar da babu wuta. Teburin rauta waɗannan ƙananan ayyukan yake maido wa shago. Ba zai maye gurbin sifindul ba, domin ita da babban moto take aiki, sau da yawa da wuta mai layi uku, tana iya yini tana cin katako ba ta gaji ba. Wanda sana'arsa fitar da ƙofofin katako masu kauri ne da yawa a kowane mako, gara ya ci gaba da zuwa wurin masu inji ko ya tara kuɗin nasa.

Abu na farko da ake zaɓa ita ce rautar kanta, kuma nan ya kamata mafi yawan kuɗin su tafi. Akwai ƙanana da ake riƙewa da hannu ɗaya, masu ƙarfin wat 500 zuwa 700, waɗanda aka yi su don datse gefen fomaika da ƙaramin ado. Suna da araha, shi ya sa suke jan ido, amma idan aka ɗaure su a tebur aka ba su katako mai tauri sai su yi zafi su ƙone. Matsakaita suna tsakanin wat 1,200 da 1,600. Manya kuma daga wajen 1,800 zuwa 2,400, irin su Makita RP2301FC da DeWalt DW625 da Triton TRA001. Ga teburin da zai riƙa aiki kullum, kada a sauka ƙasa da wat 1,500. Katakon da ke zuwa Adamawa daga dazuzzukan Taraba, irin su maɗaci da kawo da maɗobiya, ba su yi wa ƙaramin moto sauƙi, ko da yake malaina ta fi laushi a baki.

Suna a jikin inji yana da muhimmanci, amma a Yola abin da ya fi shi muhimmanci shi ne kayan gyara. Moton rauta yana da kabon guda biyu da ke cinyewa, da boris da ƙura ke kashewa, da amacha da ke iya ƙonewa. Kafin a biya kuɗi, a tambayi masu gyaran injunan hannu na Jimeta wane iri ne suke samun kayansa a gari, wane ne sai an aika Kano ko Legas ko Onica. Makita da Bosch sun daɗe a kasuwannin Najeriya, Ingco da Total kuma sun bazu a 'yan shekarun nan saboda sauƙin kuɗi. Jabu ma suna nan da yawa, musamman masu ɗauke da sunayen da aka fi sani. Kayan gwanjo na Amurka suna da nasu tarko: an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, ta Najeriya kuwa 230 ce, don haka ba sa aiki sai da taransifoma mai nauyi, kuma yaron shago ɗaya da ya manta ya soka kai tsaye ya isa ya hallaka injin.

Sai maganar wutsiyar bit da ƙarfen da ke matse ta, wato kolet. Nan ne mutane da yawa suke shiga haɗari ba su sani ba. Awo iri biyu ne a kasuwa: na milimita, wato 6 da 8 da 12, da na inci, wato kwata da rabi. Kwatan inci milimita 6.35 ne, rabin inci kuma 12.7. Ido ba ya raba su, amma bit mai wutsiyar milimita 12 a cikin kolet na rabin inci ba zai taɓa kamuwa da kyau ba, yana iya zamewa sama a tsakiyar aiki ya ɓata katako, ko ya fice gaba ɗaya. A san awon kolet ɗin injin, a sayi bit daidai da shi. Ga aikin tebur, mai kaurin wutsiya, 12 ko rabin inci, shi ne abin nema, domin ba ya rawa kuma ba ya saurin karyewa. Wajen ɗaurawa, a tura wutsiyar har ƙasa, a ɗan jawo ta kamar milimita biyu ko uku, sannan a matse. Bit mai haƙoran kabayid ya fi na ƙarfe zalla daɗewa nesa ba kusa ba, musamman a kan allon MDF da gam ɗinsa ke dakushe kaifi. Akwatin bit talatin mai araha ba ya kai guda shida masu kyau amfani: miƙaƙƙe biyu, mai zagaye gefe, mai karkata gefe, mai datsewa da boris, da mai ado ɗaya da masu sayen kaya suka fi so.

Injin da ake iya rage masa gudu ya fi dacewa da tebur. Dalili kuwa, gwargwadon faɗin bit gwargwadon saurin da gefensa ke yi. Ƙaramin bit zai iya juyi 22,000 lafiya lau, amma mai faɗin santimita 8, irin wanda ake fitar da allon tsakiyar ƙofa da shi, bai kamata ya wuce juyi 10,000 zuwa 12,000 ba. Rautar da gudunta ɗaya ne tak ba a sa mata irin wannan.

Wutar lantarki ita ce ke yanke hukunci a kan komai. Kamfanin rarraba wuta na Yola, wato YEDC, shi ke ba Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, kuma duk mai shago ya san dole a yi tanadin janareta. Ƙaramin janareton nan da ake kunna fanka da talabijin ba ya ɗaga rauta. Moto yakan ja wuta fiye da ƙima a daidai lokacin tashi, saboda haka inji mai wat 2,000 yana son janareta na kVA 3.5 ko sama, idan kuma za a haɗa da injin zuƙar ƙura sai a nemi wanda ya kai 5. Rautar da aka yi mata tashi a hankali tana rage wa janareta wannan fizga. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama sashe na lissafin kowane aiki, don haka masu dabara sukan tara duk aikin ado su yi shi a zama ɗaya. Waya kuma ta zama mai kauri kuma gajera, domin siririyar waya mai tsawo tana rage ƙarfin wuta, moto ya yi ta nishi yana zafi.

Akwai wani ɗan abu da bai kai kuɗin bit mai kyau ɗaya ba, amma bai kamata a kunna tebur ba tare da shi ba. Makunni ne da ke sakin kansa idan wuta ta ɗauke, ba ya sake tashi sai an danna da hannu. A tebur, makunnin jikin rautar a kunne ake barin sa, tunda tana ƙasa. Idan aka ɗauke wuta, mai aiki yakan manta, ya kai hannu yana share dusa ko yana sauya bit, sai kawai a maido da ita. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, wannan ba hasashe ba ne. A kafa makunnin a gaban tebur inda gwiwa za ta iya kashe shi, kuma duk da haka a zare soket kafin a taɓa bit.

Shi kansa teburin ba lallai ne a sayo shi daga waje ba, kuma da tsadar canji a yanzu babu hikima a yin hakan. Kafinta zai iya haɗa nasa. Faɗin santimita 60 da tsawon 80 ya wadatar da ƙaramin shago, tsayinsa kuma 85 zuwa 90, gwargwadon tsawon mai aiki. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne saman ya kwanta sumul. A ɗora dogon ma'auni miƙaƙƙe a kai, a duƙa a duba: idan haske yana ratsowa ta ƙarƙashi a tsakiya, to adon zai fito da zurfi a wani wuri, sama-sama a wani. Rauta babba tana kai kilo shida, kuma rataye take dare da rana, don haka fallen allo ɗaya zai lotsa. A haɗa falle biyu masu kaurin milimita 18, a manna fomaika sama da ƙasa, a tokare da katako biyu kusa da ramin. Yanayin Yola yana da ruwa da tsaki a nan. Tsakanin bushewar hunturu da laimar Agusta, katakon itace zalla yana tsukewa yana kumbura, ya murɗe, shi ya sa bai dace da saman tebur ba. MDF a kwance yake, amma da ya sha ruwa ya kumbura ke nan, ba ya komawa. A unguwannin da ke kusa da Binuwai, inda ruwa kan shiga shaguna da damina, filawud mai jure ruwa ya fi, tare da ƙafafun ƙarfe daga wurin mai walda, waɗanda gara ma ba ta ci.

Ana ɗaure rautar a jikin wani faranti na alminiyam mai kaurin milimita 6 zuwa 10, wanda ke zama cikin gurbin da aka haƙa masa daidai da saman tebur, ba tudu ba kwari. Amfaninsa shi ne a ɗago injin gaba ɗaya a sauya bit. Na'urar ɗagawa da saukewa ta kamfani tana da daɗin aiki amma tana iya fin rautar tsada. Ƙaramin jak ɗin mota a ƙarƙashin injin yana yin wannan aiki, muddin bai toshe kafar shan iska ba kuma an kulle injin bayan an daidaita.

Shingen da katako ke jingina da shi yana bukatar abu biyu kacal: ya miƙe, ya kuma tsaya cak bisa sukwaya. Ba dole ne ya yi daidai da gefen tebur ba, tunda bit a zagaye yake. An fi son mai fuska biyu da ake matsowa kusa da bit don rage gibin, da tsayin santimita 10 zuwa 15, da rami a baya inda za a jona bututun zuƙar ƙura. Mai aiki yana tsaye a gaba, katako daga dama zuwa hagu yake tafiya. Idan aka juya, ko aka bi da shi tsakanin bit da shinge, injin zai fizge shi ya harba kamar kibiya, ya jawo yatsu zuwa kan kaifi. Ba a cin zurfi a tashi ɗaya: a katako mai tauri, milimita uku zuwa biyar a kowane bi. Ƙananan guntaye da sandar turawa ake tura su. Babbar riga, da hannun riga mai lilo, da safar hannu, duk ba su da wuri a nan, kuma sabon yaron shago ya daɗe yana kallo kafin a bar shi ya taɓa.

Ƙura da zafi su ne ke rage wa injin kwana, su ne kuma ke taɓa lafiyar mai shi. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, rautar da aka kife kuma dusa kan zubo mata kai tsaye. Kada a rufe ta cikin akwati ba iska, a bar gaba da baya a buɗe, a riƙa ba ta hutu, a hure ta kowace yamma. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar tun 1995, ƙurar MDF kuma ta fi laushi, ga sinadarin gam a cikinta. Takunkumi mai tace ƙura da tabarau da abin toshe kunne suna cikin kuɗin teburin tun farko, domin ƙarar rauta ta wuce mizanin desibel 85 da ake fara kare kunne a kansa. Bit ɗin da danƙo ya kama a wanke shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a cire boris ɗinsa tukuna don kada man cikinsa ya wanke. Wanda ya fara ƙona katako yana barin baƙin tabo ya dakushe, a wasa shi ko a sauya. Kabon kuma a duba shi duk bayan 'yan watanni, a sauya guda biyun tare kafin su cinye su fara cin amacha.