Bel na injin niƙa: yadda ake sauya shi da ɗaure shi

Ran da injin niƙa ya tsaya cikin ƙauye, mata ne ke fara shan wahala. Sai su koma ga turmi da dutsin niƙa, ko su ɗauki hatsi bisa kai zuwa wani gari. Mai inji ma ya yi asarar kuɗin yini. Sau da yawa ba moter ne ya lalace ba. Bel ne ya saki ko ya tsinke. Gyaran bel kuwa ba sai an kira makanike daga birni ba. Mai inji na iya yin shi da kanshi, in ya san hanya.

Bel, wanda waɗansu ke ce ma kuruwa, shi ne baƙar robar nan da ke haɗa moter da maniƙa. Yana zagaye ƙafafu biyu na ƙarfe masu kwari, waɗanda ake kira puli. Moter ya juya pulinshi, bel ya ɗauki juyin ya kai ga pulin maniƙa. Cikin robar akwai zaruruwa masu ƙarfi, su ke riƙe nauyin aikin. Akwai bel shimfiɗaɗɗe, amma wanda ake magana a nan shi ne mai faɗi a sama, matsattse a ƙasa, kamar baƙin V. A Amurka aka ƙirƙiro shi cikin shekara ta 1917. Irinshi ne ke cikin motoci da yawa, har da injin yankan ciyawa da Turawa ke hawa kamar ƙaramin tarakta.

Wannan bel da gefunanshi biyu yake kama puli, ba da cikinshi ba. In ya nutse har ya taɓa gindin kwarin, ya daina kamu ke nan. Sai ya riƙa santsi.

Bel ba ya mutuwa ba zato. Yana ba da alama tun da sauran lokaci. In an zuba hatsi aka ji ƙara kamar kukan tsuntsu, bel na santsi. In an ji warin ƙonanniyar roba, ko aka ga baƙar ƙura ƙarƙashin puli, bel na cinyewa. Maniƙa sai ta rage gudu, tiya guda ta daɗe ba ta fita ba, gazuwal kuwa na ƙonewa kamar kullum. A kashe inji a duba. Bel da ya tsattsage, ko gefenshi ya yi sheƙi, ko zare ya fito, kwananshi ya ƙare.

Wajen sayen sabo ne karatu ke amfani. Bisa bayan kowane bel akwai baƙi da lamba, misali B 60. Baƙin yana nuna faɗi. A milimetir 13 ne, B milimetir 17, C milimetir 22. Lambar tana nuna tsawon zagayen bel ta ciki, da awon inci. Inci guda santimetir 2 da rabi ne da ɗan ɗori, wato B 60 ya kai santimetir 152. Tun bel na sabo ya kamata a rubuta lambarshi cikin littafin inji, don rubutun na gogewa da aiki. Wanda zai tafi Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa sayen kaya, sai a ba shi takarda. In lambar ta riga ta goge, a tafi da tsohon bel. Amma a tuna, tsoho ya miƙe, ya ɗan fi sabo tsawo.

In inji na aiki da bel biyu ko uku jere, a sauya su duka rana ɗaya, iri guda, lamba guda. Masu inji da yawa na sauya wanda ya tsinke kaɗai, wai don tattali. Ba tattali ba ne. Sabon ya fi tsofaffin gajarta, shi kaɗai zai ɗauki kayan, bai daɗe ba shi ma ya tsinke.

Kafin a sa hannu, a kashe moter, a jira har komai ya tsaya cik. A cire hannun tada moter a ajiye gefe. In injin na lantarki ne, a yanke wuta, a sa mutum ya tsare wurin kada wani ya kunna.

Moter yana zaune bisa ƙarafa masu dogayen ramuka, an ɗaure shi da bulon. A kwance bulon ɗin da kile, ba sai an cire su ba. A tura moter wajen maniƙa har bel ya saki, ya fita da hannu. A share kwarin puli da tsumma busasshe, a fid da gari da tsatsa da mai. In gindin kwarin na sheƙi, ko gefen puli ya kakkarye, pulin ne ya tsufa. Kowane sabon bel aka sa mashi, zai cinye shi.

Sannan a ɗora sabon bel cikin kwarin, da hannu kawai. Nan ne mutane ke yawan kuskure. Don ƙyuyar kwance bulon, sai su sa ƙarfe su banƙara bel har ya hau. A waje ba a ganin komai, amma zaruruwan ciki sun tsinke. Akwai kuma wanda ya bar yatsa tsakanin bel da puli garin wannan aiki.

Bayan haka a ja moter baya har bel ya miƙe. Kafin a ɗaure bulon, a duba ko pulin biyu na kan layi guda. A ɗauki zare a miƙe shi bisa fuskar pulin moter zuwa fuskar pulin maniƙa. Zaren ya taɓa kowane puli wuri biyu, gaba da baya. In ya bar rata, moter ya karkace, a gyara zamanshi. Karkataccen puli na cin bel gefe guda, wani lokaci ya jefar da shi.

Saura awon ɗauri. A danna bel da babban yatsa a tsakiya, tsakanin pulin biyu. In tazarar puli da puli metir guda ce, bel ya lotsa kamar santimetir 1 da rabi, wato kaurin yatsa. In rabin metir ce, milimetir 8 ya isa. In ya lotsa fiye da haka, ya yi sako-sako, zai yi santsi ya yi zafi. In ya ƙi lotsawa sam, ya yi tsauri. Wannan ya fi muni, don yana jan sandar moter da ta maniƙa, ya kashe rulma. Kuɗin rulma da na makanike sun fi na bel nesa. In awo ya yi daidai, a ɗaure bulon tam, a sake dannawa, don moter na ɗan motsawa wajen ɗauri.

Sabon bel na miƙewa cikin kwanakin farko. Bayan aikin yini guda ko biyu a kashe inji a sake awo, a ƙara ja in ya saki. Daga nan sau ɗaya kowane mako ya isa.

Mai da gazuwal abokan gaban roba ne, kada su zuba bisa bel. Akwai masu shafa mashi abu mai danƙo don ya daina kuka. Kukan na tsayawa ɗan lokaci, amma gari da rairayi sai su manne, su goge bel da puli tare. Bel na ajiya a rataye shi cikin ɗaki, inda rana ba ta kai.

Marfin ƙarfe da ke rufe bel, a mai da shi wurinshi kafin a tada inji. Inda babu, maƙerin gari na iya yin shi da waya ko kwano. Bel mai gudu na fizgar mayafi, da zane, da bakin babbar riga. Mai inji ya sa riga matsattsa. Masu kawo niƙa su tsaya wajen da gari ke fita, yara kuma su jira bakin ƙofa.