Tudun da ba shi da magaji, wa zai tsare shi?

A Wurno ba wanda zai kuskura ya kai fartanya kusa da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Kabari ne mai suna, mai zuri'a, mai masu ziyara. Abin jin tsoro shi ne makomar kabarin da ya girmi tarihin baka, wanda ba jikan da zai tsaya masa.

A Durɓi Takusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina, akwai wasu tuddai da mai wucewa zai ɗauka tarin ƙasa ne kawai. Bature Palmer ya fara tona su a 1907, sannan a 1992 aka buɗe guda uku. Sai ga 'yan kunne na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, har da kwanon da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. Masana a birnin Mainz na Jamus suka auna shekarun kayan: tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ashe tun wancan zamani fatauci ya haɗa ƙasar Hausa da duniya mai nisa, kuma da ɓarayi ne suka riga masana, da ba mu ji labari ba.

Sakkwato kuwa ta ɗanɗana wannan asara. Mutum-mutumin yumɓu da ake kira da sunanta sun watsu a kasuwannin Turai ta hannun masu tonon dare, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da aka hana saye a 2000. Wanda ya tono bai rubuta inda ya samo ba, balle abin da ke gefensa. Haka aka yi wa makabartar Bura a Nijar.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono ba izini, amma doka ba ta gadin abin da ba a lissafa ba. Tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984 noma ke ƙara faɗi a kwarin Rima, ga masu ɗibar ƙasar gini.

Hakimai da dagatai na Wurno, Rabah da Goronyo, ku kuka san kowane kufai da tsohon tudu a ƙasarku. Ku sa a rubuta sunayensu, a miƙa wa masana tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun tifa ba ta kwashe su ba.