Daɗi ko daɗewa? Matsalar wata kalma cikin tsarin manhajojin salula

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba kalmar da Faransanci ke kira engagement, wadda masu ƙera manhaja suka ɗauka a matsayin ma'aunin gamsuwar mai amfani da ita. Tun 2016 Facebook ya shigar da Hausa cikin harsunansa, saboda haka aikin fassara wannan kalma ya rataya a wuyan masu nazarin harshe.

2. Abin da na'ura ke ƙirgawa

Hausa ta bambanta abubuwa uku:

(1) Ya ji daɗi.
(2) Hankalinsa ya kwanta.
(3) Ya daɗe yana kallo.

Na'ura ba ta iya auna (1) da (2). Abin da take ƙirgawa shi ne (3), wato mintocin da aka ɗauka, da yawan taɓawa da turawa. Kamfani kuwa da talla yake samun kuɗi, don haka daɗewar mai kallo ita ce ribarsa.

Misalai biyu sun isa. A watan Janairu 2012, Facebook ya sauya labaran da mutum 689.003 ke gani tsawon mako guda, ba tare da saninsu ba, domin ya gwada ko yanayin zuciyarsu zai canza. An buga sakamakon a 2014. Sannan takardun da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa a 2017 kamfanin ya ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar so sau biyar. Ke nan fushi ma ya shiga lissafin nasara.

3. Wanda ke biya

Mu ɗauki manomin gero a ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey, gundumar Mayahi, jihar Maraɗi. Da kuɗinsa yake cajin waya, da kuɗinsa yake sayen kati. Bukatarsa ita ce ya ji farashin hatsi a kasuwar Tasawa, ko muryar ɗansa da ya tafi cirani. In manhaja ta riƙe shi awa guda kan abin da bai nema ba, a littafin kamfani an ci riba, a aljihunsa kuwa an yi hasara.

4. Kammalawa

A ganinmu bai dace a fassara engagement da «jin daɗi» ba. Muna ba da shawarar «riƙe hankali», domin fi'ilin riƙe yana bukatar mai aikatawa, ya kuma sa a tambayi wa ya riƙe, don amfanin wa. Manhaja ta gari ita ce wadda ke biya wa mutum bukata, ta sallame shi.