Shin Ko Kun San? Sukur, Garin da ke Kan Duwatsun Mandara

Shin ko kun san cewa wuri na farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya ƙauye ne da mota ba ta hawa? Sunansa Sukur. Yana cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, a kan duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. A shekarar 1999 aka ba shi wannan matsayi, sai a 2005 kurmin Osun da ke Osogbo ya biyo baya.

Shin ko kun san tsayin wurin ya haura mita 1,000 daga doron teku? Garin kashi biyu ne, Sukur Sama da Sukur Ƙasa. Mai mota a gindin dutse zai ajiye motarsa, sauran tafiyar kuwa ta ƙafa ce. Buhun gishiri, kwanon rufi, jarkar kananzir, duk a ka ake hawa da su. Mai naƙuda da ta gagara, ko wanda ciwo ya kayar, ɗaukarsa ake yi a sauko da shi.

Ko kun san hanyar da ake hawan shimfiɗaɗɗiya ce da faifan duwatsu? An jera manyan duwatsu masu faɗi ɗaya bayan ɗaya, inda hawan ya yi tsauri aka mayar da su matakala. Babu siminti ko cokali guda. Tatsuniyar mutanen garin ta ce waɗansu ƙattai ne suka yi aikin, kuma wanda ya ga girman faifan ba zai yi mamakin yadda wannan labari ya samo asali ba.

Shin ko kun san yadda ake noma a jikin dutse? Nan ne, a ganina, babban abin mamakin Sukur yake, fiye da fadar sarkinsu ma. Gangaren dutse ba ya riƙe ƙasa. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke ta zuwa kwari. Sai mutanen suka riƙa tsince duwatsu suna jera su shinge-shinge a kan gangaren, kowane shinge ya tare ƙasa a bayansa, har gona ta zama hawa-hawa. Wani hawan faɗinsa bai wuce 'yan taku ba, amma a cikinsa ake shuka dawa da gero da wake da gyaɗa. Shingen yana rage gudun ruwa, ruwan ya samu ya nutse, jiƙa ta daɗe. Aikin kuma ba ya ƙarewa. Kowace shekara kafin damina sai magidanci da iyalinsa sun bi shingayen, sun mayar da dutsen da ya zame, sun kwaso ƙasar da ta sulale sun dawo da ita sama. Gonar da aka yi wa sakaci na 'yan shekaru rushewa take yi, kuma idan shinge na sama ya ɓalle, na ƙasa da shi ma ya shiga haɗari.

Ko kun san ana turke bijimi a ɗaki mai zurfi? Ana gina masa keji na dutse, ƙasansa a haƙe, a sa shi tun yana ƙarami. Ciyawa da ruwa kai masa ake yi. Ya yi ƙiba, a yanka shi lokacin biki ko a yi hidimar aure da shi, takinsa kuma a kwashe a kai gona. Ba a asarar komai.

Shin ko kun san sarkin Sukur ana kiransa Hidi? Gidansa ma dutse ne a kan dutse ba tare da laka ba, da doguwar katanga da ƙofofi da rumbuna da fili na taro a gaba.

Ko kun san ƙarfe ne ya ɗaukaka garin? A da, bayan ruwan sama, ana bin ƙoramu a tara baƙin yashi mai tama, a wanke shi, a zuba a murhun yumɓu tare da gawayi, a yi ta zuga har ƙarfe ya fito. Fatake daga ƙasar Borno suna zuwa saye, ana ƙera fartanya da shi, sandunan ƙarfen kuma suna tsayawa a matsayin kuɗi. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya ji labarin Sukur da ƙarfin sarkinta a 1851, a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Wajen 1960 sana'ar ta mutu, saboda ƙarafan tsofaffin motoci da na ƙasashen waje sun cika kasuwa da araha.

Shin ko kun san harshensu ɗan'uwan Hausa ne? Sakun suke kiransa, kuma yana cikin dangin harsunan Cadi. Zumuncin na nesa ne, Bahaushe ba zai ji abin da suke faɗa ba.

Ko kun san a da yankin yana ƙarƙashin Jamus ne, cikin Kamaru? Bayan yaƙin duniya na ɗaya Ingila ta karɓe shi, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da shi Najeriya. A farkon ƙarni na ashirin mutanen dutsen sun sha hare-haren neman bayi daga Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya bar kundin ayyukansa na 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawa suka tuɓe shi.

Shin ko kun san 'yan Boko Haram sun hau dutsen a 2014? Sun ƙona gidaje da rumbuna, wuta ta taɓa har fadar Hidi, mutane suka watse. Waɗanda suka dawo sun sake ɗora jinka a kan katangun da wuta ta kasa ci. A 2018 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa Sukur cikin wuraren da ke buƙatar ceto.

Abin da ya fi damuna shi ne rani. Ruwa yana ƙaranci a saman, mata da yara su yi ta sintiri tsakanin rijiyoyin da aka ɗaure da dutse. Matasa suna sauka neman makaranta da asibiti da aikin kuɗi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma su ne ya kamata su gaji gyaran shingayen nan. Duk mai son Sukur ta ci gaba da tsayawa, gwamnati ce ko wata ƙungiya, to ya fara da ruwan sha da ɗakin shan magani a Sukur Sama.