Amalanke da Guga a Ajin Fiziks

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban samarin da ƙasar Kankiya da ta Kusada ke turawa neman ilmi mai zurfi, ko a Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ya san cewa ba da wankakken allo suke zuwa darasin motsi ba, domin tun kafin su ji sunan Newton idonsu ya riga ya yanke musu hukunci a kan mas'alar. Yaron da ya tashi yana kora amalanke daga gona zuwa gida ya gani sau ba adadi cewa da zarar bijimai sun tsaya, amalanke ta tsaya, saboda haka ya ƙudurta a ransa cewa babu motsi sai da mai ja. Wannan kuwa ita ce mazhabar Aristo, wadda masana suka daɗe a kanta ƙarni bayan ƙarni, ga shi yaro ya riske ta da kansa ba tare da ya buɗe littafi ba.

To, sai malam ya rubuta masa ƙa'idar farko daga cikin ukun da Newton ya wallafa a 1687, cewa abin da ke tafiya ba zai fasa ba, ba kuma zai karkace ba, sai in wani abu ya tare shi. Ɗalibi ya haddace kamar yadda ya saba da hadda, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci, alhali kuwa zuciyarsa tana tare da bijimai.

A nawa ganin, kuskure ne a ƙaryata idon yaron, tun da abin da ya gani gaskiya ne. Abin da ya ɓuya masa shi ne gogayyar ƙafar amalanke da ƙasa. A tambaye shi dalilin da ya sa bijimai ke nishi cikin rairayi, amma da sun hau kwalta sai tafiya ta yi sauƙi, sa'an nan a tambaye shi abin da zai faru in da za a ci gaba da rage gogayyar har ta ƙare ƙurmus. Ba kuwa baƙon tunani ba ne gare mu, gama Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya bayyana cikin Kitabus Shifa cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wata karkata da ba ta gushewa don kanta, sai dai iska ko wani shamaki ya cinye ta. Na lura ɗalibai sukan gyara zama in sun ji wannan suna.

Wata matsalar kuma daga bakinmu take. Kalmar ƙarfi guda ɗaya ce, amma mun ɗora mata kayan jakai uku: turi ko ja ƙarfi ne, makamashin da ke cikin abu ƙarfi ne, saurin gama aiki ma ƙarfi ne, alhali ilmin nan ya raba su, kowanne da ma'auninsa. Bakin rijiya ya fi allo iya warware wannan. Guga mai cin lita 10, nauyin ruwansa kilo 10 ke nan, kuma ƙasa na jan sa da misalin niyutan 98. In zurfin rijiyar mita 20 ne, aikin fito da shi ya kai jul 1,960. Ƙato ya fizgo shi cikin daƙiƙa 20, dattijo ya jawo shi a hankali yana sauya hannu, igiya na ɗiga a ƙafarsa, har minti guda ya cika. Aikinsu ɗaya ne ba ragi ba ƙari, saurin yinsa ne kawai ya bambanta, na ƙaton ya ninka na dattijon sau uku. In kuwa igiyar ta suɓuce a bakin rijiya, aikin nan bai ɓace ba, ya koma gudu, shi ne ƙarar da ake ji daga can ƙasa.

Daga rijiya sai a fita da su bakin titin Kano zuwa Katsina, wanda ya ratsa Kankiya, inda manyan motoci ke wucewa dare da rana. Makamashin abin da ke gudu ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, ninkin-ba-ninki yake yi: motar da ta tashi daga kilomita 40 a awa zuwa 80, makamashinta ya ninka sau huɗu, saboda haka tazarar da take bukata bayan an taka birki ita ma sau huɗu ce. Kowane ɗalibi a ajin ya taɓa zama bayan direba, ya ji yadda ƙirjinsa ya tafi gaba sa'ad da mota ta tsaya farat ɗaya, ba tare da kowa ya tura shi ba. A nan ne malam zai yi shiru, ya bar su su faɗi da bakinsu ko wace ƙa'ida ce ta kai goshinsu ga kujerar gaba.