Ciwon suga: abin da ke ɓoye cikin kwalbar giya da ta malt

Mai karatu, Jalingo gari ne da ya tara jama'a iri-iri. Ko ba ka shan giya, wataƙila akwai maƙwabci ko abokin aiki a Sarkin Dawaki da ke sha, kuma yana fama da ciwon suga. Malt kuwa, da ƙyar a yi biki ko suna ba a raba shi ba.

Giyar kwalba da hatsi ake yin ta, kamar yadda ake yin burkutu da dawa. Wajen tsimawa, yawancin sukarin yana komawa barasa, amma ana samun ragowar sitaci. Babbar kwalba mai santilita 60 takan ƙunshi kimanin giram 20. Giyar inabi marar zaƙi sukarinta kaɗan ne, mai zaƙi kuwa tana iya wuce giram 45 a lita guda. Bammi ma zaƙinsa na safe sukari ne, kafin yamma ya tsima. Barasar kanta giram ɗaya na ba jiki kalori 7, sukari kuma 4. Ga inda tumbi yake fitowa.

Sai dai babban haɗarin ga mai ciwon suga shi ne faɗuwar sukari. Hanta ce ke sako wa jini sukari idan mutum bai ci abinci ba. Da barasa ta shiga, sai hanta ta koma aikin fitar da ita. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa bayan sa'o'i, sau da yawa cikin dare. Alamun su ne gumi, rawar jiki, jiri da sarƙewar magana. Jama'a sai su ɗauka maye ne, su bar shi ya kwanta. Wannan barcin na iya zama ajali.

Idan ka ga haka kuma yana iya haɗiya, ka dama masa sukari babban cokali ɗaya a ruwa, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo.

Malt kuma fa? Daga hatsi iri ɗaya yake da giya, sai dai ba a tsima shi ba, saboda haka sukarinsa yana nan daram. A zaƙi ba shi da maraba da sauran lemon kwalba, kuma ba ya ƙara jini kamar yadda ake faɗa. Uwargida, kai wa majinyaci katan ɗinsa ba gata ba ne idan yana da ciwon suga.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kusan giram 50 ga babba. Giram 4 shi ne ƙaramin cokali ɗaya. Ka duba bayanin jikin gwangwani: a kan giram nawa ne a mililita 100, ka lissafa da girman abin da ke hannunka.

In kana sha, ka faɗa wa likita ko mai ba ka magani gaskiya. Ba za mu tona maka asiri ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.