Ciwon Daji Na Laka: Abin Da Ya Kamata Hakimai Da Malamansu Su Sani

Laka ita ce farar jijiyar nan mai taushi wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin gadon baya. Tsawonta a jikin babban mutum wajen inci 18 ne, kuma jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefenta. Ta nan umurnin ƙwaƙwalwa ke isa hannu da ƙafa da mafitsara.

Wani lokaci ƙari ya kan tsiro a cikin lakar kanta. Wannan ciwo ba shi da yawa. Iri biyu aka fi sani: efendimoma, wanda ya fi kama manya, da astarositoma, wanda aka fi gani ga yara. Waɗansu su kan girma a hankali, waɗansu da sauri. Ban da su akwai ƙarin da ke yaɗowa gadon baya daga nono, ko huhu, ko 'yar tsakar mafitsarar maza, shi ne ma ya fi yawa. Tun da ya ke hanyar laka ƙuntatacciya ce, ko ƙaramin ƙari ya kan danne ta.

Ga alamunsa. Da fari ciwon baya wanda ba ya sauƙi, ya kan ma tsananta da dare in an kwanta. Sa'an nan ƙafafu su yi nauyi, su riƙa mutuwa, mutum ya yi ta tuntuɓe. Daga baya sai ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko kuwa fitsarin ya ƙi fita.

Mutanenmu su kan ce iska ce, ko sammu, ko shan inna. Ba haka ba ne. Ba a kuma ɗaukarsa daga majiyyaci, saboda haka kada a guje shi. Tarin fuka na ƙashin baya shi ma ya kan kawo irin waɗannan alamu, likita ne kaɗai zai rarrabe. Hoton ƙashi ba ya nuna laka sosai, sai na'urar MRI.

Akwai magani. Tun a shekarar 1887 wani likita a Landan, Victor Horsley, ya cire wa wani hafsan soja ƙarin da ya danne masa laka, har ya koma yana tafiya. Yanzu likitoci su kan yi fiɗa, in da bukata su bi da gashi na haske. Efendimoma sau da yawa ya kan ciru duka. Amma fa a lura: wanda aka kawo yana iya taka ƙafarsa shi ya fi samun fa'ida, gama lakar da ta daɗe a danne da wuya ta ke farfaɗowa.

Don haka muna roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa kada a ɓata watanni wajen tsaga da ƙaho. Malamin Hakimi ya rubuta ranar da ciwo ya soma, da ranar da ƙafa ta fara nauyi, ya ba dangi takardar su kai asibiti. Likita zai tura su babban asibitin koyarwa, kamar na Zariya, ko Kano, ko Sakkwato. In fitsari ya tsaya, ko ƙafa ta shanye farat ɗaya, to, a ɗauke shi ran nan, kada a jira gari ya waye.